Yadda Ake Tace Fim ɗin Kammala Karatu, Daga Katin Kamara Zuwa Majigi

Duk shekara idan lokacin miƙa aikin kammala karatu ya ƙarato, ɗalibai kan yi sallama a ɗan ɗakin da nake aiki a Birnin Kebbi, kowa da katin memori a aljihu da damuwa a fuska. Mafi yawansu sun kashe makonni uku ko huɗu wajen ɗauka, sun bar wa tacewa kwana uku, alhali a teburin tacewa ne ake sanin ko akwai fim ko babu. Tacewar da nake nufi a nan ita ce aikin edita, wato zaɓe da yanka da jerawa da gyaran sauti da launi, ba wadda hukuma take yi kafin ta ba da izinin nuna fim ga jama'a ba. Aikin yana da jeri: labari tukuna, sannan sauti, sannan launi, sannan rubutu. Duk wanda ya fara da kwalliya kafin labarinsa ya tsaya da ƙafarsa, aikin nan sau biyu zai yi shi.

Kayan aiki

Kwamfuta mai RAM na gigabait 8 tana iya aikin tace fim mai girman hoto 1080, amma mai 16 ta fi ba da kwanciyar hankali. A wurinmu ta tafi-da-gidanka ta fi ta tebur amfani, domin idan aka ɗauke wuta batirinta zai ba ka damar adana aikin. Manhajar da na fi ba ɗalibi shawara a kanta ita ce DaVinci Resolve, saboda akwai ta kyauta, kuma ta haɗa yanka da sauti da launi a wuri ɗaya, sai dai tana da nauyi. Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, Kdenlive ko Shotcut za su wadatar, su ma kyauta ne. Premiere Pro biyan kuɗi ake yi, kuma ina gargaɗinka da kwafin sata da ake ɗora wa mutane a kasuwa, domin a daren miƙa aiki yake nuna halinsa. Wanda ba shi da kwamfuta ko kaɗan yana iya yin aikin da CapCut a waya, muddin fim ɗin gajere ne. Ka ƙara da Audacity domin gyaran murya, da HandBrake domin sauya fayil.

Bayan haka kana buƙatar ma'ajiyar fayiloli biyu ta waje, wato hard disk, ko ɗaya ta waje da filash mai girma. A saita su a tsarin exFAT, domin tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4. Sai hedifon mai waya wanda yake rufe kunne, ba mai Bluetooth ba, domin shi yana jinkirta sauti kaɗan, sai ka yi ta gyara abin da bai ɓaci ba. Sai littafi da biro.

A watannin Maris da Afrilu zafin Kebbi yana haura digiri 40, kwamfuta kuma idan ta yi zafi takan rage gudu ko ta mutu a tsakiyar aiki. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma. Ka ɗaga bayanta da littafi iska ta ratsa, ka bar aiki mai nauyi zuwa dare ko bayan sallar Asuba.

1. Kwafe da tsara fayiloli

Kafin ka buɗe kowace manhaja, ka kwafe duk abin da ke kan katin kamara zuwa wuri biyu daban, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar suna tafiya, sannan ka ajiye katin ba tare da ka goge shi ba. Na taɓa ganin ɗalibar da ta ɗauki hira da wata tsohuwa mai gumin shinkafa a wani ƙauye kusa da Suru, ta mayar wa mai kamara katinsa ya goge, washegari filash ɗinta ya ƙi buɗewa. Ba ta sake samun wannan hirar ba.

Ka buɗe babbar folda ɗaya da sunan fim, a cikinta ka ware ta hotuna, ta sauti, ta kiɗa, ta rubutu, da ta abin da za ka fitar. Hotunan kuma ka raba su bisa ranar ɗauka da wuri. Da zarar ka shigar da su cikin manhaja, kada ka sake canza wa fayil suna ko mazauni, domin manhajar ba ta haɗiye hoton, adireshinsa kawai take riƙewa, idan ya gusa sai ta ce ba ta gan shi ba.

2. Saita aikin tun farko

Ka zaɓi girman hoto 1920 da 1080, da firam 25 a sakan, wato hotuna 25 da ke wucewa a kowane sakan, da sauti na kilohaz 48. Firam 25 shi ne ma'aunin talabijin a Nijeriya, kuma ya dace da wutarmu mai haz 50. Idan da waya aka ɗauki duka fim ɗin a kan firam 30, to ka bar shi a 30, kada ka tilasta masa. Abin kiyayewa shi ne a yanke wannan shawarar kafin a fara, domin a DaVinci Resolve ba a canza adadin firam na layin aiki bayan an jera hotuna a kansa.

Hoton waya yana da wata matsala: adadin firam ɗinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa a doguwar hira za ka ga baki da murya sun fara tare, zuwa minti na 10 sun rabu. Maganin shi ne a bi da fayil ɗin ta HandBrake a zaɓi tsayayyen adadi. Idan kuma kwamfuta tana sarƙewa, ka sa manhajar ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi, waɗanda ake kira furoksi, ka yi yanka da su, a ƙarshe ita da kanta za ta koma kan na asali.

Idan an naɗi sauti daban da hoto, yanzu ne za ka haɗa su. Ka nemi wurin da aka yi tafi a gaban kamara, ka daidaita haɗuwar tafuka da tsinin da sautin ya yi. In ba a yi tafi ba, ka nemi kalma mai harafin b ko m, inda leɓe yake rufewa.

3. Kallo da biro a hannu

Wannan matakin ne ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake rage aiki. Ka kalli duk abin da aka ɗauka, daga farko har ƙarshe, ba tare da ka yanka komai ba. Ka rubuta sunan fayil, da mintin da abu mai kyau ya faru, da abin da aka faɗa. Ka yi alama ta musamman a duk wurin da ka ji wani abu ya motsa a ranka, domin wannan jin na kallon farko ba ya dawowa bayan ka maimaita hoton sau 50. Idan ka gama, ka rufe kwamfuta ka rubuta labarin fim ɗin a jimla ɗaya. Misali: wani masunci a Argungu yana son ɗansa ya gaji koma da gora, ɗan kuma hankalinsa yana kan makaranta. Duk hoton da bai yi wa wannan jimlar hidima ba, ko da ka sha rana kafin ka same shi, ba na wannan fim ɗin ba ne.

4. Jeri na farko

Ka jera fitowa bayan fitowa yadda labarin yake, ba tare da damuwa da tsawo ko tsabta ba. Fim na minti 12 yana iya kai minti 25 a wannan matakin, kuma hakan daidai ne. Idan fim na gaskiya ne mai hira, ka fara jera muryoyi kawai, ka rufe ido ka saurara. In labarin ya tafi a kunne, hoto zai samu wurin zama. Ka adana wannan jerin da lamba 1, duk lokacin da za ka yi babban sauyi ka kwafe shi ka ba shi sabuwar lamba.

5. Yanka

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata rabin lokacinka ya tafi. Tambaya ɗaya nake yi a kan kowace yanka: me mai kallo zai samu a hoto na gaba wanda bai samu a wannan ba? Idan babu amsa, ban yanka ba.

Ka shiga kowace fitowa a makare, ka fita da wuri. Ɗalibi yakan nuna mutum ya sauka daga kabu-kabu, ya biya kuɗi, ya taka zuwa zaure, ya cire takalmi, ya yi sallama, sannan a shiga gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya muka ji da zafi. A rayuwa wannan ladabi ne, amma a fim na minti 12 ya cinye minti ɗaya da rabi. Ban ce a cire gaisuwa gaba ɗaya ba, domin Bahaushe zai ji fitowar ta yi gatsau idan yaro ya faɗo wa dattijo da magana babu sallama. Ka bar sallamar da amsarta da durƙusawar, ka tsallaka zuwa inda magana ta fara. Sai fa idan gaisuwar ce labarin, kamar a ce uba ya amsa wa ɗansa a daƙile, to a nan kowane sakan nata yana da aiki.

Ka yanka a cikin motsi. Idan masuncin ya ɗaga hannu zai jefa koma, ka bar hoton nesa a tsakiyar ɗagawar, ka shiga na kusa a daidai inda hannun ya kai. Ido yana bin motsin, ba ya lura da ɗinkin. Ka kula da inda mutane suke duba: idan uba yana duban dama, ɗan ya dubi hagu, in ba haka ba sai a ga kamar wani na uku suke kallo. Idan mai kamara ya tsallake layi, wato ya koma ɗaya gefen masu maganar, aka samu wannan kuskuren, ka sa hoton nesa ko na wani abu a tsakani.

Kada murya da hoto su riƙa sauyawa tare kullum kamar ana buga ƙwallon tebur. Ka bari muryar mai magana na gaba ta shigo kafin a ga fuskarsa, ko ta ci gaba alhali muna kallon mai sauraro. Sau da yawa fuskar wanda ake faɗa wa magana ta fi ta mai faɗin ɗaukar ma'ana. Tun kusan shekaru 100 da suka wuce Lev Kuleshov na Rasha ya nuna cewa fuska ɗaya tana sauya ma'ana gwargwadon hoton da aka jera kusa da ita, kuma wannan shi ne kusan duk ilimin da kake buƙata a nan: hoto ba ya magana shi kaɗai, maƙwabcinsa ne yake fassara shi.

Idan ka gutsure tsakiyar hira, kan mai magana zai yi tsalle. Ka rufe wurin da hoton hannunsa yana ɗinkin koma, ko na ruwa, ko na kwalekwale. In babu irin waɗannan hotunan, ka ɗan zuƙo hoto na biyu ya bambanta da na farko, ko ka koma da waya ka ɗauko su, wanda shi ya fi. Amma akwai amana a wannan wurin. Almakashin da ke hannunka yana iya sa dattijo ya faɗi abin da bai faɗa ba, ta hanyar haɗa farkon wata jimla da ƙarshen wata. Mutumin nan ya buɗe maka gidansa saboda ya yarda da kai, kuma danginsa za su ga fim ɗin a waya. Ka taƙaita maganarsa, kada ka juya ta. Haka kuma kada ka datse aya ko salati ko karin magana a tsakiya, kuma kada ka cire duk shirun da yake yi, domin wani shirun yana cikin maganar. Inda zai iya ba da labarin da bakinsa, ka janye muryar mai sharhi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Game da salon sauya hoto da manhaja take tallatawa, mai juyi da mai walƙiya da mai buɗewa kamar littafi, ka bar su inda ka gan su. Yanka kai tsaye ya isa kusan ko'ina. Narkewar hoto cikin hoto tana nufin lokaci ya wuce, dushewa zuwa baƙi tana nufin an rufe babi.

6. Gwaji da kulle hoto

Ka bar aikin kwana ɗaya, sannan ka nuna wa mutum biyu ko uku waɗanda ba su je wurin ɗauka ba. Kada ka yi musu bayani, kada ka kalli allo, su za ka kalla. Inda suka ɗauki waya, wurin ya yi tsawo. Bayan sun gama ka ce su ba ka labarin da bakinsu. Sannan ka kai wa malamin da ke duba aikinka tun a wannan matakin, ka tabbatar da tsawon da sashe ya ƙayyade. Idan an amince, ka kulle hoto, wato ba ƙari ba ragi, domin duk sakan ɗin da ka cire bayan haka zai gusar da sauti da fassara daga mazauninsu.

7. Sauti

Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Ka raba sautuka layi-layi: murya a nata, sautin wuri a nasa, kiɗa a nasa. Ka daidaita muryoyi su riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6 a ma'aunin desibel, kada wata ta taɓa sifili ta yi ja. Ka yanke duk abin da ke ƙasa da haz 80, wato sauti mai kauri sosai, daga murya, wannan yana rage gurnanin iska da na mota. Idan akwai ƙugin wutar lantarki, yana zaune a haz 50 da ninkinsa, 100 da 150, sai ka rage waɗannan wuraren kaɗai.

Ƙarar janareta ko fanka, tun da ba ta sauyawa, Audacity tana iya rage ta: ka zaɓi sakan biyu inda babu magana, ka nuna mata cewa wannan ce ƙarar, sannan ka bi da ita a kan duka. Ka yi da sauƙi, domin idan ka matsa, muryar za ta koma kamar daga cikin randa ake magana. Ƙarar da take zuwa ta wuce, kamar hon ko carar zakara ko lasifikar mai talla, ba ta fita ta wannan hanyar. Ko ka ɗauko jimlar daga wata ɗaukar, ko ka kira ɗan wasan ya maimaita ta a ɗaki mai labule da katifa, ko a cikin mota a kashe da gilasai a rufe. Idan kiran sallah ya shigo ƙarƙashin hira, kada ka ɗora kiɗa a kansa, kuma kada ka yayyanka shi. Ka nemi wani ɓangaren na hirar.

Kowane wuri yana da nasa numfashin. Idan ka bar gurbi babu sauti ko kaɗan tsakanin jimloli, kunne zai ji kamar an faɗa rami. Ka cike gurbin da sautin wurin, wanda ya kamata a naɗi minti ɗaya nasa ranar ɗauka. In ba a naɗa ba, ka tsinto shi daga shirun da ke tsakanin maganganu. A kowace mahaɗar sauti ka sa ɗan narkewa na firam 2 ko 3 domin kashe ƙas ɗin da ake ji.

Kiɗa kuma ba a shimfiɗa shi daga farko har ƙarshe kamar tabarma. Ka sa shi inda magana ta ƙare, ka sauke shi sosai idan ana magana. Kada ka ɗauki waƙar wani ba izini: haƙƙinsa ne, kuma YouTube yana gane ta ya yi wa fim ɗin alama ko ya toshe shi. Ƙasar Kabi ba ta rasa makaɗa ba. Ka samu mai gurmi ko mai kalangu ko mai sarewa, ka biya shi, ka naɗi minti biyar, ka rubuta yarjejeniya, ka sa sunansa a ƙarshen fim.

8. Launi

Gyara ake fara yi kafin ado. Ka daidaita haske, ka tabbatar farin abu fari ne, sannan ka sa hotunan fitowa ɗaya su yi kama da juna. Ido ba mudu ba ne, kuma allon kwamfuta yana yaudara, saboda haka ka buɗe ma'aunin haske na manhajar ka ga baƙi bai nutse ba, fari bai ƙone ba. Matsalarmu ta kullum ita ce baƙar fata cikin farar shadda a tsakar rana: kamara takan bi rigar ta bar fuska a duhu. Ka ɗaga tsakiyar haske kaɗan, ka riƙe samansa, amma kada ka mayar da mutum fari, kada kuma fatarsa ta koma ja ko toka. Hoton lokacin hunturu yakan fito fari-fari saboda hazo. Ƙarin bambancin haske kaɗan yana farfaɗo da shi, ko da yake wani lokacin hazon shi ne kyan hoton.

9. Rubutu da fassara

Ka zaɓi salon rubutu ɗaya mai sauƙin karantawa, ka gwada shi da ɓ da ɗ da ƙ tun kafin ka yi nisa, domin da yawa ba su da waɗannan haruffan, sai su bar akwati a gurbinsu. Noto Sans da Charis SIL suna da su. Fassarar ƙasan allo kada ta wuce layi biyu, kowane layi haruffa 42 ko ƙasa da haka, kuma ta daɗe yadda za ka iya karanta ta da murya ba tare da sauri ba. Idan wani ya yi Zabarmanci ko Dakarci ko Fulatanci, ka samu mai harshen ya duba fassarar. Idan kuwa Hausar ce kake rubutawa, wanda ya ce wanga ko shina, ka rubuta masa abin da ya ce, kada ka mayar da bakinsa na Kano. Sunayen mutane da sarautunsu ka tambaye su yadda suke rubutawa.

10. Fitarwa

Ka fitar da MP4 a tsarin H.264, girma da adadin firam daidai da na aikin, a kan megabit 10 a sakan, wanda zai ba ka kimanin megabait 75 a kowane minti, wato 900 ga fim na minti 12. Ka jona caji kafin ka fara. Idan ya fito, ka zauna ka kalle shi duka, domin a nan ake kama baƙin firam da ya maƙale da sunan da aka rubuta ba daidai ba. Ka saurare shi a hedifon, da lasifikar waya, da talabijin. Idan za ka tura ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin takarda, wato Document, in ba haka ba za a matse shi ya lalace.

Kwana biyu kafin ranar kare aiki, ka je ɗakin da za a nuna shi, ka gwada majigi da lasifikar da za a yi amfani da su, ka zauna a kujerar ƙarshe ka ji ko magana tana isowa. Ranar kuma ka tafi da kwafi biyu a filash biyu, da na uku a waya, ka bar babbar foldar aikin yadda take a ma'ajiya har sai sakamako ya fito, domin masu jarrabawa suna iya cewa a gyara wani wuri a sake kawowa.